NCE, Digiri ko Kwas ɗin Montessori: Wace Hanya Ta Fi ga Mai Son Koyar da Ƙananan Yara?

Duk unguwar da ka shiga a Kano, Kaduna, Katsina ko Sakkwato a yau, da wuya ka wuce layi uku ba ka ga allon makarantar nazare ba. Makarantun gwamnati ma da yawa sun buɗe ajin share fagen firamare, wanda ake ce wa rabin aji. Aiki dai akwai shi. Abin da ke rikita matasa, musamman 'yan mata da matan aure masu neman aikin da zai tafi tare da hidimar gida, shi ne ta ina za a shiga. A je kwalejin ilimi a yi NCE, wato takardar shaidar malanta ta ƙasa? A nufi jami'a kai tsaye? Ko kuwa a biya kuɗin kwas ɗin wata uku ko shida irin na Montessori da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp? Da ke zan yi magana kai tsaye, 'yar'uwa, domin mata ne suka fi yawa a wannan fanni, amma namijin da ke da sha'awa duk abin da ke nan ya shafe shi.

Ba zan ɓoye inda na karkata ba. Ga mafi yawan mutanenmu, NCE a fannin kula da ƙananan yara da ilimantar da su, wanda kwalejoji ke kira ECCE, ita ce ƙofar da ta fi dacewa a fara shiga, a bi ta da rajistar TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista, sannan a ɗora digiri ana cikin aiki. Akwai waɗanda wannan shawara ba ta yi daidai da su ba, za mu zo kansu.

Dalilin da ya sa takarda ta zama magana a wannan fanni yana da tarihi. Shekarun baya, ilimin yaran da ba su kai shekara shida ba kusan gaba ɗaya yana hannun masu makarantun kuɗi da ƙungiyoyin addini, gwamnati sa ido kawai take yi. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin tushe ga kowa, wadda ta biyo bayan shirin da Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, ita ta shigar da wannan mataki cikin ilimin tushe, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya don tallafa wa jihohi. A 2007 aka fitar da manufar ƙasa kan renon ƙananan yara, hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, NERDC, ta tsara manhaja da sharuɗɗan buɗe cibiyar reno. Sai manufar ilimi ta 2013 ta shigar da shekara guda ta share fage cikin ilimin da yake kyauta kuma dole, ta ce malami ɗaya ga yara 25, a ɗakin jarirai kuwa ɗaya ga 10. Wanda ya taɓa leƙa rabin aji a makarantar gwamnati ya san a ƙasa ba haka lissafin yake ba. Amma manufar ta jaddada abu guda da ya shafe ki: NCE ce mafi ƙarancin takardar da ake shiga aikin koyarwa da ita a Najeriya, har da koyar da 'yan shekara huɗu.

Abin da NCE ke ba ki, da abin da ba ta bayarwa

Shekara uku ake yi. Hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsara manhaja tana tantance kwalejoji. A garambawul ɗin da ta yi a 2012 aka tsara NCE bisa matakin da malami zai koyar: akwai na ƙananan yara, na firamare, na ƙaramar sakandare, na ilimin manya, da na masu buƙata ta musamman. ECCE fanni ne mai cin gashin kansa, ba a haɗa shi da wani darasi. Wannan ba ƙaramin gyara ba ne. An daɗe ana miƙa 'yan shekara huɗu ga wanda ya karanta Tarihi ko Kimiyya, sai ya yi musu abin da ya iya, ya cika allo da rubutu, su kwafa, wanda ya kasa ya sha tsawa.

A ECCE za a koya miki me ya sa ɗan shekara uku ba ya iya riƙe fensir yadda iyayensa ke so: yatsunsa ba su yi ƙwari ba tukuna, kuma abin da ke ƙarfafa su shi ne cuɗa laka, wasa da yashi, zura duwatsu a zare, yaga takarda. Za ki koyi yadda harshe ke buɗewa, da yadda tatsuniya da waƙa da kacici-kacici ke gina kalmomin da yaro zai yi karatu da su gobe. Akwai darussan lafiya da abinci, waɗanda za su sa ki gane alamun tamowa, ki lura da yaron da ba ya ji sosai ko ba ya hangen allo, tun kafin a yi masa laƙabi da daƙiƙi ya tashi da shi. Akwai haɗa kayan koyarwa daga abin da ke kusa, marfin kwalba, kwali, kara, ƙwallon dabino. Akwai yadda ake lura da yaro a rubuta ci gabansa ba tare da an zaunar da shi jarrabawa ba. Sannan ga koyarwar gwaji, inda za ki shafe tsawon zango a aji na gaske, ana zuwa duba ki. A ganina wannan zango shi ne mafi tsada a cikin shekarun uku, domin a nan ne mutum ke sanin ko yana da haƙurin kukan safiyar Litinin da kai yaro bayan gida sau uku kafin tara. Wadda ta gane ba za ta iya ba, gara ta gane da wuri.

Shiga ma ta fi sauƙi. A 2024 da 2025 mafi ƙarancin makin da JAMB ta sanya wa kwalejojin ilimi 100 ne. Kuɗin makaranta bai kai na jami'a ba, kuma bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ya haɗa da kwalejojin gwamnati. Uwa uba, kwalejin tana kusa da gida. Akwai na tarayya a Katsina, Yola, Bichi, Gombe, Potiskum, da ta Gusau wadda mata zalla take ɗauka. Akwai na jihohi a Gumel, Azare, Dutsin-Ma, Argungu, Maru da Gidan Waya. Ga yarinyar da iyayenta ba za su bar ta ta yi nisa ba, ko matar da ke da goyo, wannan kaɗai ya isa ya yanke hukunci. Sai dai a duba kundin JAMB na shekarar a tabbatar kwalejin da ake so tana da ECCE kafin a cike fom.

Inda NCE ta gaza a bayyane yake. Ba a zuwa bautar ƙasa da ita. A aikin gwamnati mai NCE yana farawa daga matakin albashi na 7, mai digiri daga na 8, kuma a wurare da yawa ƙarin girman mai NCE yana tsayawa a mataki na 14 sai ya ƙaro karatu. Manyan makarantun kuɗi na Abuja sun fi neman digiri. Ga kuma kallon da jama'a ke yi wa kwalejin ilimi, cewa wurin wanda jami'a ta ƙi ne. Kallon ba daidai ba ne, amma yana nan, za ki ji shi a bakin 'yan'uwa.

Digiri

Shekara huɗu ne ga wadda ta shiga ta jarrabawar JAMB, uku ga mai NCE da ta shiga aji biyu kai tsaye. A nan ne babban cikas ɗin shawarata yake, kuma ba zan tsallake shi ba: wadda ta bi ta NCE sannan digiri za ta ci shekara shida, wadda ta nufi jami'a huɗu. Idan kin fito sakandare da sakamako mai kyau, shekarunki 17 ko 18, gida na iya ɗaukar nauyi, burinki kuma shi ne ki zama malamar kwaleji, jami'ar duba makarantu, mai tsara manhaja ko ma'aikaciyar ƙungiyoyi irin su UNICEF, to ki nufi jami'a. Duk waɗannan kujeru da digiri ake fara maganarsu, wasu sai da digiri na biyu. Za ki yi bautar ƙasa in kin gama kafin shekara 30, ki shiga aiki da mataki na 8.

Abubuwa biyu ne nake so a sani. Jami'o'in da ke da digiri a ilimin ƙananan yara takamaimai ba su da yawa a Arewa. Fannin ya fi kafuwa a wurare irin su Jami'ar Ibadan da Jami'ar Jihar Kwara da ke Malete. Na biyu, karatun jami'a ya fi karkata ga nazari da bincike, zaman aji da yara bai kai na kwaleji ba. Kan faru mai digiri ta san sunayen masana ilimin yara irin su Piaget da Vygotsky da Froebel tsaf, amma ranar farko da aka bar ta da yara talatin, mai NCE ce ke nuna mata yadda ake zaunar da su. Shekara huɗun ma ba tabbas ba ce: yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ci.

Akwai sauyin da ya rage tazarar hanyoyin biyu. Dokar kwalejojin ilimi na tarayya ta 2023 ta ba su damar bayar da NCE da digiri a lokaci guda, tsoffin kwalejojin Kano da Zariya kuma an mayar da su jami'o'in ilimi. Wato ɗora digiri a kan NCE ba lallai ya buƙaci barin gari ba.

Ga wadda ta riga ta fara aiki ko aure ya ɗaure ta, akwai karatu daga nesa. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, tana yin NCE a cibiyoyin karatu na ƙarshen mako, jami'ar karatu daga gida, NOUN, kuma tana da digiri a ilimin ƙananan yara. Takardun halastattu ne, TRCN na karɓarsu. Amma hanya ce mai neman kamun kai, ba mai bin ki da karatu, kuma masu karatun wucin gadi galibi takardar keɓewa daga bautar ƙasa ake ba su. Wadda kuma ke da digiri ko babbar difloma a wani fanni daban, PGDE, diflomar koyarwa da ake yi bayan digiri, ce hanyarta, kusan shekara guda. Kada ta koma NCE.

Kwas ɗin Montessori

Maria Montessori likita ce 'yar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907. Tsarinta na da kyau ƙwarai: yaro ya zaɓi aikinsa, ya yi da hannunsa, kayan aikin su nuna masa kuskurensa, malama ta tsaya tana lura. Ƙungiyar AMI da ta kafa a 1929, mai hedikwata a Amsterdam, tana bayar da difloma da duniya ta sani, horon na da tsawo da tsada. Matsalar ita ce sunan Montessori ba mallakar kowa ba ne, kowa na iya liƙa shi a allon makarantarsa ko a takardar da yake bugawa. Shi ya sa za ki ga kwas mai inganci da kwas na mako biyu a ɗakin otal suna amsa suna ɗaya.

Ko mai ingancin, shi kaɗai ba zai sa TRCN ta yi miki rajista ba, ba kuma za a ɗauke ki aikin SUBEB, hukumar ilimin tushe ta jiha, da shi ba. Kamar kayan ƙamshi yake a miya: yana ƙara armashi, amma ba ya zama abinci. Wadda ke da NCE ko digiri ta ƙara shi, za ta fi takwarorinta a ganawar neman aiki a makarantu masu tsada, hannunta kuma zai ƙware. Haka horon koyar da sautin haruffa irin na Jolly Phonics. Wadda ba ta da komai sai sakandare ta zuba kuɗinta a nan, ta sayi abin da mai makaranta ɗaya zai yaba, na gaba ya ce bai san shi ba. Kafin ki biya, ki tambayi wa ya tantance cibiyar, awa nawa za ki yi da yara na gaske, kuma ki nemi ganin kayan aikin da idonki.

Ina za a yi aikin, kuma wa zai tsaya miki

Zaɓin takarda ba ya rabuwa da zaɓin wurin aiki, ƙungiyar da za ta amfane ki kuma ta danganta da wurin.

TRCN ba ƙungiyar sa-kai ba ce, hukuma ce da doka ta kafa a 1993 don yi wa malamai rajista da ba su lasisi. Tun 2017 sai an ci jarrabawar cancanta a kwamfuta. Tana da rukuni huɗu: D na masu NCE, C na masu digiri, B na digiri na biyu, A na masu digirin digirgir, lasisin kuma ana sabunta shi duk shekara uku. Ko ina za ki yi aiki, ki yi wannan rajista da zarar kin gama, tun karatun bai bar kai ba. Jihohi da dama na tambayar ta a lokacin ɗaukar malamai, masu neman aikin koyarwa a ƙasashen waje ma ita ake fara tambayarsu.

A aikin gwamnati, ta hannun SUBEB da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, abin da ake samu shi ne kwanciyar hankali: albashi har lokacin hutu, hutun haihuwa, fansho, da tashi da wuri. Dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, ko da yake ba duk jihohi ne suka bi ba. Abin da ake biya a madadin haka shi ne cunkoso, rashin kayan wasa, jinkirin ƙarin girma, da yiwuwar a ɗauke ki daga rabin aji a kai ki aji biyar saboda ƙarancin malamai. Samun aikin ma sai jiha ta buɗe ɗauka. A nan ƙungiyarki ita ce NUT, wadda aka kafa a 1931, Rabaran Ransome-Kuti ne shugabanta na farko. Ƙungiyar ƙwadago ce; ita ke zama da gwamnati kan albashi da bashin ƙarin girma, ita ke kiran yajin aiki, daga albashi ake cire kuɗinta. Kada ki jira ta koya miki yadda ake tafiyar da ajin 'yan shekara huɗu, ba aikinta ba ke nan.

Makarantar kuɗi ita ta fi saurin ɗauka, kuma a nan mafi yawan masu ECCE ke farawa. Yara ba su kai na gwamnati yawa ba, ana sa ido, mai ƙwazo na iya zama shugabar sashen nazare cikin 'yan shekaru. Amma nan ne aka fi zaluntar malamai, kuma abin na ci mini rai. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, makarantun unguwa da yawa kuwa ba su kai ba. Akwai inda Anti ke wuni da yara, ta share aji, ta wanke wanda ya ɓata jikinsa, a ƙarshen wata a ba ta abin da bai kai rabin wancan adadi ba, lokacin hutu kuma babu ko sisi. NUT ba ta da ƙarfi a waɗannan makarantu. NAPPS da za ki ji ana ambata ƙungiyar masu makarantu ce, ba ta malamai ba. Muradun mai makaranta take karewa, kamar haraji da hulɗa da ma'aikatar ilimi. Don haka kariyarki ita ce takardar ɗaukar aiki a rubuce. Ki tambayi albashin hutu, hutun haihuwa, yawan yaran aji, ko akwai mai taimaka miki, da ko ana zuba fansho, wanda dokar 2014 ta sa kashi 10 cikin 100 na albashi daga wanda ya ɗauke ki aiki, kashi 8 daga ma'aikaci. Makarantun ƙungiyoyi irin na FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, wadda aka kafa a Minna a 1985, da islamiyyoyin da suka haɗa da boko su ma wurin nema ne, musamman ga mai haddar izifi da iya koyar da baƙaƙe.

Buɗe taki makarantar ita ce hanya ta uku, kuma ita ce burin mata da yawa. Ina goyon bayansa, da sharaɗin a yi wa wani aiki shekara biyu ko uku tukuna, a ga yadda ake karɓar kuɗin makaranta daga iyayen da ba su da shi, yadda ake riƙe malamai, yadda ake yi ranar da yaro ya faɗi ya fasa goshi. Sai rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da izinin jiha: a Kano akwai hukumar makarantu masu zaman kansu da na sa-kai, a Kaduna hukumar tabbatar da ingancin makarantu. Za a duba fili, banɗaki, ruwa, katanga da takardun malamai. A wannan matsayi ne NAPPS ke zama taki.

Ƙungiyoyin da suka shafi ilimin fannin kansa su ne ECAN, ta masana ilimin ƙananan yara a Najeriya, mai taron shekara da mujallar bincike, da OMEP, ƙungiyar duniya da aka kafa a birnin Prague a 1948, wadda ke da reshe a Najeriya. Malaman jami'a da kwaleji sun fi yawa a cikinsu. Ga wadda ke harin digiri na biyu ko koyarwa a kwaleji, shiga ECAN tun tana ɗaliba zai haɗa ta da waɗanda za su duba aikinta nan gaba. Ga malamar aji da albashinta bai taka kara ya karya ba, kuɗin zuwa taro a wani gari zai yi nauyi. Ta fara da bitocin da SUBEB da TRCN ke shiryawa a kusa, ta kuma haɗa kai da malaman nazare na unguwarta suna musayar waƙoƙi da kayan koyarwa.

Saura abu guda da ke rusa duk lissafin nan in an yi sakaci da shi. Kwalejojin ilimi masu zaman kansu da cibiyoyin karatu sun yawaita a garuruwanmu, wasu a harabar makarantar firamare suke zama ranar Asabar, suna cewa reshen wata kwaleji ne. NCCE ta sha rufe irinsu. Kafin ki biya kuɗin fom, ki duba sunan kwalejin a jerin da NCCE ta wallafa a shafinta na intanet, ki tabbatar an tantance kwas ɗin ECCE ɗin kansa ba kwalejin kawai ba, in kuma karatun cikakken lokaci ne, gurbin ya fito ta JAMB. In aka ce miki reshe ne, ki je uwar kwalejin da ƙafarki, ki tambayi ofishin rajistara ko sun san da cibiyar.